Mai Randa, Motar da Ke Magana da Muryar Innarmu

Ku da kuka san Babanmu, Malam Garba na Aliero, kun san ba ya wuce tukunya bai ƙwanƙwasa ta ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, in ya ga randa a gindin bishiya sai ya lanƙwasa ɗan yatsa ya buga mata sau ɗaya, ya kara kunne. In wani ya fara magana ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata ka ji ƙarshenta." Mu dai ba mu taɓa jin komai ba sai ƙwal. Shi kuwa sai ya miƙe ya ce wannan mura take yi, waccan kuma maƙaryaciya ce, tana da tsaga a ciki tana ɓoyewa.

Noman albasa ne sana'arsa, amma zuciyarsa tana wurin wayoyi. Ba wanda ya koya masa. Rediyon da ta mutu a unguwa, a ɗakinsa ake yi mata sutura, ya farke ta ya ɗebe abin da yake so, ya haɗa wani abin da ba a taɓa gani ba. Duk abin da ya haɗa kuma, a jikin tsohuwar akori-kurarsa yake ƙarewa. Ita ce kuka sani da Mai Randa. A kanta na so in ba ku labari, domin bayan rasuwarsa saura kaɗan a farke ta a sayar da ƙarfen, alhali a cikinta ne kaɗai muryar mahaifiyarmu ta rage a duniya.

Bari in fara da yadda ta sami sunan. Innarmu tana da wata randa da ta zo da ita tun aurenta, ruwanta sanyi kamar na rijiya. Wata rana ta dawo daga barkar haihuwa ta tarar da ruwan a cikin bokitai, randar kuma tana bayan mota an naɗe ta da tsohuwar taya, an ɗaure da igiya, Baba ya dasa mata lasifika a baki.

"Malam, mi na ka gani haka?"

"Kulu, wagga randa ba ta ruwa ba ta. Shekara da shekaru kina ɗura mata ruwa tana son ta yi magana."

"To mu sha maganar."

Sai ya murɗa makunni. Karatun Alƙur'ani ya fito daga cikin randar nan, cikakke, mai zurfi, kamar mai karatun yana zaune a kan tabarmarmu. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Inna ta gyara mayafi ta saurara har aka kai aya, sannan ta ce, "Masha Allahu. Gobe ka sawo min wata." Ya sayo. Kafin ya kawo sai da ya ƙwanƙwasa duk randunan kasuwar Jega, ya zaɓo wadda ya ce bebiya ce, don kada ta ba shi sha'awa.

Gaban motar kuwa makunnai ne jere, duk iri ɗaya, ba rubutu ba alama. Wani na fanka ce da ya haɗa da injin goge gilashi. Wani na fitilar duba buhu ne. Wani kuma na famfon alwala ne, domin ya zagaya da siririn bututu ta gefen injin, lokacin sanyi ruwa ya fito masa da ɗumi. Ranar da ya ɗauki limamin unguwarmu zuwa ɗaurin aure a Maiyama, zafi ya dami Liman, ya miƙa hannu zai kunna fanka. Ruwa ya feso masa a cinya, ya jiƙe babbar riga sharkaf.

Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, tunda an fara, a ƙarasa. Azahar ta kusa."

Liman da bakinsa yake ba da labarin, yana cewa bai taɓa alwala da ruwa mai daɗin wannan ba.

Sai hoto. Wani direba ya taɓa ba shi tsohuwar mujalla mai hotunan bikin nuna motoci na ƙasashen waje. Baba ya duba ya duba, ya ce, "Mu ma muna da namu, ba mu sani ba." Tun daga nan, duk kakar albasa, in manyan motoci suka cika Jega suna lodi, sai ya rataya kyamararsa mai fim ya tafi. Yana zagaya mota kamar mai neman aure. Ya durƙusa, ya kwanta a ƙasa, ya roƙi yaran mota su goge madubi, ya jira rana ta faɗa kan zanen zaki ko na ɗawisu da ke jikin bodin. Direbobi har wanke mota suke yi in sun ji yana hanya. Hotunan suna nan a bangon zaure, kuma ko yau in ka kalle su sai ka rantse motocin numfashi suke yi.

Amma mutum, a'a. Ranar da za a kai ni gidan mijina a Maiyama, Inna, wadda ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ta sassauta saboda ni. Ta yi kwalliya ta tsaya kusa da ni a jikin motar amarya. Baba ya ja da baya, ya karkata kai, ya ɗauka har sau nawa. Da aka wanko, ga mota fes, ga fitilunta, ga ribon da aka ɗaura mata. Ni gefen lulluɓina ya fito. Inna kuwa yatsunta huɗu ne a kan murfin ƙofa, da lalle.

"Baba, ina muke?"

"Ɗiyata, ku kullum ina ganinku. Wagga mota haya ce, yau kaɗai ta zo."

Wannan hoton yatsun shi ne hoton Inna da muke da shi. Babu wani.

Yanzu ga maganar muryar. Wata rana da hantsi Inna tana dama fura a rumfa, awaki suka dame ta. Baba yana bayan zana yana gwada wani abin ɗaukar magana da ya haɗa, ya naɗe ta a kaset ba ta sani ba. Ya je ya haɗa kaset ɗin da giyar mota, yadda duk lokacin da ya sa ribas randa za ta yi magana, in ya cire kuma kaset ya koma farko da kansa. Yadda ya yi wannan, Allah kaɗai ya sani. Sai ga Mai Randa a tsakiyar kasuwar Jega tana ja da baya, muryar Inna tana tashi: "Ku kauce, marasa kunya! Ku kauce na ce!" Mahauta suka watse, wani alhaji ya yar da sandarsa ya tsallake kwata.

Labari ya riga shi isowa gida. Inna ta yi kwana biyu ba ta kalle shi ba.

"Malam, muryata a kasuwa? Ni da ko ƙofar gida ba a jin tarina?"

"Kulu, na gwada hon, na gwada ƙararrawa, ba wanda ya matsa. Ke kika yi magana, har jakuna sun ba ni hanya. Ceton rai kike yi."

Ta ce ya cire, ya ce gobe. Goben nan ba ta zo ba har Allah ya karɓi ranta.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Yaya Umaru, babban wanmu, wanda yanzu yake fataucin albasa a Jega. Shi ne ɗan fari, kuma kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. A Kimba ya tashi wurin kakarmu. In ya zo gida Inna ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan yaron ya ci abinci?" haka take tambayata, yana zaune yana ji. Baba ma "kai" yake ce masa. Yaya yakan mai da abin wasa ya ce shi Inna ba ta san an raɗa masa suna ba. Muna dariya, amma ni na lura dariyarsa ba ta kaiwa ido. Ga shi kuma abokan kasuwa suna tsokanarsa, in ya taho su ce, "Ku kauce, ga ɗan Mai Randa."

Bayan rasuwar Inna sai Baba ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. In zai dawo daga gona, a hanyar da ba kowa, sai ya juya mota ya taho da baya da baya, a hankali, tafiya mai nisa. Masu kiwo suka hango shi daga nesa, aka fara cewa tsufa ya taɓa Malam Garba. Na tambaye shi, ya ce, "Hanyar ta fi kyau ta baya." Sau da yawa kuma in Yaya ya zo sai ya miƙa masa makulli ya ce, "Kai, zo mu tafi gona ka ja ta da baya, wuyana ya gaji." Yaya ya ce shi da girmansa ba zai shiga motar da ke zagin mutane ba.

Ranar ƙarshe da Baba ya tuƙa ta, jikinsa ya riga ya yi rauni. Maimakon ya ajiye ta a ƙofar gida inda ya saba, sai ya cusa ta da kai can ƙuryar dogon lungun bayan gidanmu, inda ko jaki da kaya ba ya iya juyawa. Ya ɗora ɗan faifan sola a kan rufin don kada batir ya mutu. Yaya ya ce, "Baba, wa zai fitar da ita daga nan?" Ya ce, "Mai fitar da ita zai fitar."

Da aka zo rabon gado, motar ta faɗo a kason Yaya, ya ce sayarwa zai yi wa masu farke tsofaffin motoci. Na same shi a zaure na durƙusa.

"Yaya, don Allah. Muryar Inna fa."

"Ki naɗa a waya."

"Na naɗa, Yaya. A waya kamar kukan sauro take. A randa ne take Inna."

Ya ce, "Hadiza, ke tana kiranki, tana miki kitso. Ni abin da na taɓa ji daga bakinta shi ne 'ku kauce'. Na ji ya ishe ni."

Na koma ciki na yi ta addu'a.

Mai sayen, wani Ɗanjuma daga Jega, ya zo da safe. Ya leƙa ya ga makunnan nan ya ce shi ya ji labarin Liman, ba zai zauna a kujerar nan ba, a fito masa da ita bakin titi. Dole Yaya ya tattare riga ya shiga. Mu mata muka tsaya a bakin ƙofar baya. Bugu ɗaya motar ta tashi. Ya sa ribas.

"Ku kauce, marasa kunya! Ku kauce na ce!"

Yaran unguwa suka kwashe da dariya, ni kuwa na toshe baki da mayafi. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan, domin ja da baya a kasuwa ba ya wuce haka. Amma lungun nan dogo ne, kuma matsattse, Yaya yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Kaset ya ci gaba. Aka ji ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Aka ji kukan akuya. Sai muryar Inna ta dawo, ƙasa ƙasa, irin ta wadda ta tabbata ba kowa kusa sai dabbobi.

"Kun ga wagga hura? Ba taku ba ta. Ta Umaru ta. Umaruna za shi zo yau daga Kimba, ga rana ga nisa, kuma shi bai son mai tsami. Ku bar min ita. Allah shi yi ma Umaru albarka, shi tsare min shi."

Motar ta tsaya cak a tsakiyar lungu. Ina hango bayan kan Yaya, mutum mai furfura da jikoki, ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa.

Ashe abin da Baba yake saurare ke nan a hanyar gona. Ashe shi ya sa yake miƙa makulli. Shi ma kunya ba ta bar shi ya faɗa da baki ba, sai ya ajiye motar inda ba ta fita sai an ji ƙarshenta.

Can Ɗanjuma ya matso ya yi gyaran murya. "Alhaji, in jira ko in tafi?"

Yaya ya ɗago, ya share fuska da hannun riga, ya sa giyar gaba ya mayar da ita har ƙuryar lungu. Sannan ya sake sa ribas. Ɗanjuma ya saurara har aka sake kaiwa wurin albarkar, ya shafa addu'ar tare da mu, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Mai Randa tana Jega yanzu, a ƙofar gidan Yaya, an yi mata rumfa. Matarsa ta gaya min ya hana kowa taɓa makunnan, kuma har yau bai gano na fanka ba, ya jiƙe ya fi a ƙirga. Ta ce in abokan kasuwa sun ce masa ɗan Mai Randa, amsawa yake yi. Ni kuma duk randar da na wuce a gidana, sai na ga yatsana ya lanƙwashe da kansa.

Ya Allah, ga bawanka Garba, ga baiwarka Kulu. Ka yafe musu, Ka sanyaya makwancinsu kamar ruwan randar nan, Ka haskaka kabarinsu. Yadda ya yi haƙuri ya isar da addu'ar uwa ga ɗanta, Ka isar musu da tamu. Ka sa ƙarshen abin da za su ji ya zama sallamar mala'ikunka a ƙofar Aljanna. Amin.