Doya a Rumbun Bakano

Shekarar da gyaɗa ta cinye Jalingo, ko ƙasa ka manta a cikin hularka, kafin ka waiwayo wani ya shuka. Turawan kantin Lau ba abin da suke saye sai ita da auduga, mai karɓar haraji kuma ba ya jin yaren dawa. Unguwarmu Majidaɗi kaf aka koma gyaɗa. Mu samari muka bi jakuna muna kai buhuna bakin Binuwai, Baba ya rage shi kaɗai a gonarmu ta hanyar Iware, ga Inna ta riga ta rasu.

Abokin hirarsa ɗaya ne, wani dattijo Mumuye mai gona jikin tamu, wanda ya ƙi gyaɗa ƙememe. Tulin doyarsa, in ka tsaya bayan guda, mai raƙumi ma ba zai hango ka ba. Kullum da rana suna gindin ɗorawa suna tsokanar juna.

"Bakano, abincin ɓera kana noma," in ji dattijon, da irin Hausarsa.

"Sarkin Doya, kai da kake binne abincinka kana jira ya haihu?"

Da kaka, 'ya'yan dattijon suka tafi dako Lau. Ya ce zai hau dutse ya ci rani wurin dangi. Ya kawo wa Baba irin doyarsa.

"Na kakana ne. Ka ajiye. Ruwa ya faɗi, ina zo."

Baba Bakano ne, a wurinsa duk abin da ke da daraja rumbu ake kai shi. Ya kwashe dawarmu ya zube a ɗaki, ya jera doyar, ya rufe, ya shafe da laka. Ko tururuwa sai da izini. Doya kuwa inuwa take so da iska, amma wanda zai gaya masa haka yana kan dutse.

Da bazara na dawo, ni na fasa lakar. Warin da ya fito, ungulayen Abbare har da na Yola sai da suka zo gaisuwa. Na yi dariya, na juya, na ga Baba ya zauna a ƙasa.

Ruwan farko ya sauka, dattijon ya iso da fartanyarsa a kafaɗa. Ya leƙa rumbun, ya daɗe.

"Bakano, doya ba hatsi ba. Yana numfashi."

"Zan sayo maka wani a kasuwa, aboki."

"Na kasuwa bai san ni ba."

Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya koma dutse. Gonarsa ma gyaɗa ta ci.

Sai daga baya muka ga wata 'yar mummunar doya a ƙarƙashin rumbun, wadda Baba ya raina ya yar. Ta yi tsiro. Ya tara mata ƙasa, tuli karkatacce kamar rawanin mai barci. Duk Mumuyen da zai hau dutse, sai Baba ya tare shi: "Ka gaya wa Sarkin Doya irinsa na nan."

Ko saƙon ya isa, ban sani ba. Kowace damina in na biyo da jakuna, nakan hango Baba a gindin ɗorawa, gyaɗa gabas gyaɗa yamma, ya fuskanci tulin nan guda, yana tsokanarsa, yana saurarawa.