Sandar Kaka, Daga Akasha Zuwa Sawakin

Wad Haddad

Kafin kiran assalatu munka fito. Na san kowa a hilla, ƙauyen nan namu, ya riga ya ji labarin wagga tafiya daga bakin ƙanena Bashir, mai aiki Jidda, don ya cika wayoyinku da hotuna. To ga nawa. In ba ku gan ni cikin hoto ko ɗaya ba, ni aka miƙa wa wayar in ɗauka.

Bashir ya zo hutu ya ce zai kai Inna ruwan zafi na Akasha saboda gwiwoyinta, daga nan mu sauka Sawakin ta ga teku, shi ya hau jirgin ruwa ya koma aikinsa. Ya yi hayar mota mai sanyi har da direba. Ni kuwa na yi abin da na saba: na duƙa, na goya Inna daga gadonta na angarib zuwa mota. Shekaru ke nan bayana ne ƙafarta. Ban taɓa jin an yi mini guɗa a kan haka ba, amma mota na tsayawa ƙofar gida mata sunka fara: "Bashir ɗan albarka!"

Inna ta ce, "Kai, mai hawasha, ɗauko sandar kakanka ita ma ta ga ruwa."

Haka take kirana, mai hawasha, wato mai gonar ban-ruwa. Ni ne ɗan fari, bakinta bai taɓa faɗin sunana ba. Na Bashir kuwa ko atishawa ya yi sai ta kira shi.

Yaran yanzu da ba su jin Hausa sosai, bari in gaya muku batun sandar. Kakanmu da ƙafa ya taho daga ƙasar Sakkwato, niyyarsa Makka. Guzuri ya ƙare mai a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga, ya mutu yana cewa baɗi. Ya bar wasiyya: sandar a rataye take zama, ba a sa ta ƙasa. Duk wanda ya dogara ta, ya ɗauki tafiyar kaka ke nan, ba shi komawa gida sai ya ƙetare teku ya aje ta can. Baba ya riƙe ta bai samu tafiya ba, ya bar mini. Bashir ya tsallaka sau nawa a jirgin sama, amma sanda tana ɗakina. Ita kaɗai gare ni wadda ba shi da ita. Kowace kaka ina cewa in dawa ta yi kyau zan tafi. Na naɗe ta cikin tsohon rawanin Baba na sa a mota.

Kamlin zuwa Dongola

Hantsi ya same mu Kamlin. Munka ci ful, dafaffen wake, da man riɗi. A wurin taftish ɗan sanda ya leƙo ya ga agogon Bashir ya ce, "Itfaddal, ya ustaz," wato wuce abinka, malam. Ya dube ni ya ce in buɗe jaka. Ya ga naɗin rawani.

"Wannan fa?"

"Sanda ce."

"Ta dukan wa?"

Na ce, "Ban yanke shawara ba tukuna." Direba ya yi dariya har da buga sitiyari. Bashir bai yi ba.

Bayan Umdurman ba komai sai rairayi da ƙarafan wuta. Bashir na gaba yana ba Inna labarin fitilun Harami, ni ina baya ina matsa mata ƙafa. Munka kwana lokanda, masaukin matafiya, a Dongola. Shi ɗaki mai fanka, ni tabarma a ƙofar ɗakin Inna, don in ta buƙaci fita wa zai ɗauke ta? Da safe ya ce, "Yaya, ka yi barci kwayyis?" Na ce tamam.

Akasha

Ƙasar duwatsu baƙaƙe ce, kogi ya matse tsakaninsu, dabino kaɗan a gefe. Munka bar mota munka shiga kwalekwale. Tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan daga ƙasa yake fitowa yana tururi, an kewaye shi da ɗan gini. Maza da lokacinsu, mata da nasu.

Na goya Inna har bakin ƙofa. Wata tsohuwa Banubiya, Hajja Sakina, mai kula da layin mata, ta tare ni da hannu.

"Nan iyakarka, ya waladi."

"Ba ta tafiya. Ni ke ɗaukarta."

"Mu ma muna da baya," in ji ta. Mata huɗu sunka karɓe ta kamar jinjira, sunka rufe ƙofa.

Na zauna kan dutse ina jin dariyar Inna daga ciki. Rabon da in ji ta tana irin wagga dariya na manta. Da lokacin maza ya yi munka shiga. Zafin ya kama ni har ƙashi, ciwon ƙugun da nake fama da shi ya lafa, ba zan yi wa ruwa ƙarya ba. Bashir ya sa ƙafa ɗaya ya yi ihu ya fito. Amma hoton da kunka gani, yana murmushi cikin tururi, bayan ya fito ne ya tsuguna a baki ya ce in ɗauka.

Munka yi 'yan kwanaki a wani ɗakin laka, muna cin gurasar mutanen wurin da miyar kuɓewa. Safe da yamma ana tsoma Inna. Ran nan da la'asar ƙofa ta buɗe, sai ga ta tsaye, dafe da bango, ƙafafu na rawa. Hajja Sakina na ce wa matar da ke riƙe da ita, "Sake ta, sake ta!" Na ga za ta kife. Bashir ya tsaya riƙe da waya. Ni abin da ke hannuna shi na miƙa, naɗin sandar nan, don ba na barin ta a ɗakin da ba kuba. Rawani ya warware. Inna ta kama, ta kafa ta ƙasa, ta taka. Ta sake takawa.

Mata sunka ɗauki guɗa. Sai da na ji ƙarar ƙarfen gindin sandar a kan dutse, ƙwas, sannan na gane abin da na yi.

Inna ta dubi sanda, ta dube ni. Ta ce, "Kai ka ba ni."

"Inna, aro ne. Faɗuwa za ki yi."

"Kakanka ya ce ban da aro?"

Bashir ya ce, "Allahu akbar! Yaya, wallahi takardunta na umra suna jakata tun daga Madani. Ita ta ƙi, ta ce ba za ta je ɗakin Allah a bayan mutum ba."

Wato har da fasfo. An kai ta Madani an ɗauki hoto, ni na goya ta zuwa mota ranar, aka ce mini asibiti za a je. Ban ci abinci ba ranan. Na koma bakin ruwan na zauna ina kallonsa. Mutum ya yi kishin ƙanensa an saba ji. Ni har ruwan na ji haushinsa. Shekaruna na goyo, ya zo ya shafe su cikin mako bai ko yi gumi ba.

Atbara zuwa Sawakin

Munka koma Dongola, munka yanka ta Karima zuwa Atbara, munka kwana. Daga nan Haya, Sinkat, sai gangaren duwatsun nan da ke toshe kunne. Direba ya ce mini a hankali, "Ya hajj, karɓe sandarka tana barci mana." Na ce ba a haka. Na yi tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma ko barci take hannunta na kanta.

Sawakin iska mai gishiri, jiki na danƙo. Tsohon garin tsibiri ne, siririyar hanya ta haɗa shi da tudu. Gidajen dutsen teku duk sun zube, kyanwoyi sun gaje su, manya, ba su tsoron mutum. Na duƙa a bakin hanyar yadda na saba. Inna ta wuce ni. Ƙwas, ƙwas, har tsibiri, ni ina biye da bayana ba kowa, hannuwana ban san inda zan sa su ba.

Wani mai kwalekwale ya zagaya da mu. Ruwan garau, kana ganin kifi masu launi kamar atamfa. Inna ta tsoma bakin sandar ta ce wa marigayi kaka, "To Malam, ga shi ka gani." Munka ci soyayyen kifi a rumfa, munka sha jabana, kofi mai citta, wurin wani Bahadandawe ɗan ƙabilar yankin. Abin da daɗi, in ji su. Ni ƙaya ce ta tsaya mini a wuya.

A tashar jirgi na gwada na ƙarshe. Na ce, "Inna, Baba ni ya bar wa."

Ta ce, "Ya bar maka ka rataye. Ka rataye da kyau, ko gara ba ta taɓa ta ba."

"To ni fa?"

"Bayanka ya huta, mai hawasha. Je ka, ban-ruwan tur'a na jiranka."

Ko a nan ba ta faɗi sunana ba. Bashir ya rungume ni yana ƙamshin turare ya ce, "Baɗi kai ne, Yaya, ni zan biya." Na ce mai ya riƙe baɗinsa, gidanmu an gaji da ita. Ta hau matakalar jirgi da ƙafarta, shi yana gefe riƙe da gwiwar hannunta kamar shi ya saba. Na tsaya har jirgin ya zama ɗigo.

Gida

Na hau bas ta Kasala da Gadarif, rawanin Baba a cinyata ba komai ciki. Na sauka Madani, na kama ta Sinnar, na iso hilla bayan la'asar. Mata sunka cika gida da barka: "Bashir ya kai uwa Makka!" Matata Hadiza ta dubi ƙusar sanda da ke bango ta dube ni, ta kawo mini ruwa. Allah ya saka mata.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Na gode wa direba, da Hajja Sakina da matan Akasha. Inna, Allah ya karɓa, ya sa ladan ya kai ga kaka. Bashir kuwa kun riga kun gode mai, ya isa.

Washegari da na je buɗe ruwa a hawasha, na sari reshen bagaruwa a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, na fere shi, na kai wa maƙeri ya sa mai ƙarfe a gindi. Na naɗe cikin rawanin na rataye a ƙusar. Wannan ba gado ba ce, tawa ce. Ko wa zai faɗi a gabana, hannu zan miƙa mai.