Iya Abeke, Mai Riƙe da Kirarin Gidajen Yarbawa a Rano

Kafin rana ta ɗaga, Iya Abeke ta riga ta share ƙofar shagonta a bakin kasuwar Rano, ta jera galan-galan na manja da buhunan garin rogo, ta ɗaura ɗankwalinta mai tsayi, ta zauna. Sunanta na yanka Sidikatu. Bayarabiya ce daga Ogbomoso, ta zo garin nan tana amarya, mijinta tela, yau shekara arba'in da shida. Ni maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba mu.

Ba manja ya sa nake rubutu a kanta ba. A wajen Yarbawa kowane gida yana da kirarinsa, suna ce masa oriki. A cikinsa ake ambaton kakanni da garin da suka taso da sana'arsu da halinsu. Gidajen Yarbawa goma sha shida ne tsakanin Rano da Kibiya, kuma kirarin kowanne yana cikin kan matar nan. Idan ɗan gida ya zo wucewa ta ɗaga murya ta yi masa nasa, sai ka ga ƙaton magidanci ya tsaya cak, ya rusuna. Ranar suna ita ake jira bayan liman ya gama. Ranar kai amarya ita ke rera waƙar bankwana da iyaye.

Ku tambayi Tajuddeen, direban bas na Kibiya zuwa Kano. Uwarsa Bahaushiya ce 'yar Nariya, ubansa Bayarabe, ya rasu Tajuddeen yana ɗan shekara huɗu. Ya girma ba ya jin Yarbanci sai gaisuwa. Da 'ya'yansa suka fara tambayarsa dangin kakansu, ya tafi Ogbomoso, ya gano gidan su ubansa, dattawa suka ce ba su san shi ba. Ya dawo ya zube a gaban shagon Iya.

"Iya, sun ce ni baƙo ne. Ko ruwa a tsaye na sha."

"Wa ya ce kai baƙo ne? Ubanka Lasisi a gabana ya yi aure. Gyara zama, ka buɗe kunne."

Wata uku yana zuwa koyon kirarin gidansu duk Juma'a bayan la'asar. Mukan ji ta tana yi masa faɗa: "Ba haka ba! Sauke muryar. Yadda ka faɗa ai zagin kakanka ka yi." Da ya koma Ogbomoso, a tsakar gidan ya tsaya ya fara kirarin. Bai kai ƙarshe ba wata tsohuwa ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, ta karɓe daga bakinsa ta ƙarasa. Ƙanwar ubansa ce. Ta kama kansa ta ce wa dattawan, "Jininmu ne." Har yau in yana ba da labarin sai ya kawar da fuska.

Iya, ke ce kika mayar da maraya gidan ubansa ba tare da takarda ko shaida ba. Ke ce rumbun da jama'arki suka zuba asalinsu a ciki, suka tafi harkokinsu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wannan. Tun daminar bara muryarta take dushewa. Likita a Kano ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma bai yi alkawarin muryar za ta dawo ba. Ɗanta babba zai ɗauke ta zuwa Ibadan nan da mako bakwai. A watan jiya ina wajen wani suna, ta fara kirarin gidan jaririn, a tsakiya muryar ta ɗauke. Ta yi tari, ta sake gwadawa, ba abin da ya fito. Ta dubi matan da suka cika rumfar tana yi musu alama da hannu su ci gaba. Suka kalli juna. Wata ta duba waya ko za ta samu kirarin, babu. Uban jaririn ya sunkuyar da kai.

Washegari na ce mata, "Iya, ko mu rubuta su?"

Ta matso don in ji ta. "Malam Habu, rubuta, ba zan hana ka ba. Amma takarda ba ta da murya. A Yarbanci in murya ta karkace, magana ta canja. Ku kawo min mutane."

Cikin gidaje goma sha shidan nan, na Tajuddeen kaɗai aka karɓa daga bakinta.

Iya Abeke, mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ya dawo mana da ke. Ku kuma Yarbawan Rano da Kibiya, ku bar uzuri, kowane gida ya turo mutum ɗaya. Muryar ba ta wuce awa guda a rana yanzu, bayan la'asar take fitowa. Mu ma Hausawa kada mu tsaya kallo, kowannenmu yana da tsohuwar da bai taɓa zama ya tambaye ta asalinsa ba.

Jiya na leƙa gidanta bayan la'asar. Ta sa an shimfiɗa tabarma uku, ta sha ruwan ɗumi, tana zaune tana kallon ƙofa. Mutum biyu ne suka zo.