Barkonon Baba

Da shanyewar ɓarin jiki ta raba Baba da aikin tashar jirgin ruwa, sai ya shuka barkono a gwangwanin madara, a tagar ɗakinmu na unguwar Treichville. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana barin farin ɓawo a kan ƙasar. Da ganyen ya fara rawaya, na sayo takin zamani a kasuwar Adjamé.

"Kar ka zuba," in ji Baba. "Gishirin ruwan nan ma ya yi masa yawa. Tara masa ruwan sama."

Na zuba takin a ɓoye. Cikin mako ɗaya barkonon ya ƙone.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai in fitar da gwangwanin. Bai sake shuka komai ba har ya rasu.