Ƙafar da Mama Ta Ɓoye Mini

Ko da zan manta da ranar da na karɓi takardar kammala jami'a, ba na jin zan manta da wata ranar Lahadi a tsakar gidanmu a Mubi, a zamanin da ake kiran jiharmu Gongola. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu ba, na fara koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare. Mahaifiyata, wadda muke kira Mama, 'yar manoman ƙauyen Vimtim ce. Ta tashi tana hawan dutse da tulu a ka, sai aure ya kawo ta gari, ta shafe shekaru masu yawa zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana suyar ƙosai da fanke a ƙofar gida. Ta yi jiki, kowa kuma ya taya ta murna, domin a wurinmu ƙiba shaida ce cewa mace ta huta. Da aka auna ta a asibiti aka ce ciwon sukari ne, sai na ɗauki al'amarin tamkar jarrabawar da aka shirya domina. Na hana shayi mai zaƙi, na rage malmalar tuwonta zuwa rabi, na cika tukunya da wake da ganye. Ni da nake gyara mata har Hausarta idan tana magana, ban ga abin da zai hana ni gyara mata cimarta ba.

Cikin wata uku ta rame, rigarta ta ƙungiyar zumuntar matan coci ta fara yi mata yawa. Magana ta soma yawo a coci: wai ɗanta ya gama jami'a, ga albashi, amma uwa tana ƙanjamewa.

Ranar Lahadin nan, bayan an tashi daga sujada, matan zumunta suka zo gaishe ta. Suka zo da abin da aka saba kai wa mara lafiya, wato kwalin sukari da madarar gwangwani da burodi da lemon kwalba. A al'adarmu, wanda aka zo dubawa yakan ɗanɗana abin da aka kawo a gaban baƙi, don kada su koma da nauyin zuciya. Ina ɗaki ina duba takardun ɗalibai na ji shugabarsu ta buɗe kwalba tana cewa, "Sha, 'yar'uwa, ki mayar da jikinki. Ciwon nan ai na gidanku ne, babanki ma da shi ya tafi. Ko kin sha ko ba ki sha ba, abin da ke cikin jini yana nan."

Na fito, na karɓe kwalbar daga hannun Mama, na ce da murya irin ta aji, "Ba gado ba ne. Ita ta jawo wa kanta da cin maiƙo da zaman wuri ɗaya, ku kuma kuna taya ta."

Matan suka dubi juna. Can wata dattijuwa ta gyara ɗankwalinta ta ce, "To, Malam ya yi wa'azi. Sai mu ce amin mu kama hanya." Mama ta raka su har ƙofa, na ji tana cewa, "Ku yi haƙuri da shi, karatu ne ya yi masa yawa."

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da cin duk abin da na tsara mata, sai dai ta daina kirana da sunan da take kirana tun ina goye. Idan na tambayi jikinta, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Malam." Ta kuma fara sa rufaffen takalmi ko a cikin gida. Na gani, ban tambaya ba, domin na ɗauka na gama aikina.

Lokacin cirar gyaɗa, Kawu, yayan Mama, ya zo daga Vimtim a ƙafa kamar yadda ya saba. Mutum ne siriri kamar sanda, ya doshi saba'in, bai san wani abinci ba sai tuwon dawa da miyar ganye, shayi kuwa yakan ce na ma'aikata ne. Kafin a gama gaisuwa ya shanye moɗa uku na ruwa, ya zaga bayan gida sau biyu. Mama ta zuba masa ido.

"Yaya, tun yaushe kake shan ruwa haka?"

"Tun damina. Tsufa ne, bar shi."

Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, je ka duba inda ya tsuguna." Na je. Tururuwa ta taru baƙi ƙirin a wurin da ya yi fitsari. Da na dawo, ba ta jira na yi magana ba, ta ce, "Haka muka gane na Baba." Sa'an nan ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar Lahadin nan. "To, shi kuma me ya ci? Ƙosan wa ya soya?"

Kawu ya yi dariya, shi da bai san tushen maganar ba. Ni kuwa na tashi na koma ɗaki.

Washegari na kai shi asibiti, Mama ta raka mu. Awo ya tabbatar da abin da tururuwa ta nuna. Muna shirin fita sai wata ma'aikaciyar jinya ta lura Mama tana ɗingishi, ta sa ta cire takalmi. Warin ya riga ya iso gare ni kafin idona ya kai. Garwashi ne ya faɗa mata a ƙafa wajen suya, makonni da dama da suka wuce, bai yi mata zafi ba, ya ƙi warkewa, har yatsu biyu suka yi baƙi. Ma'aikaciyar ta ce, "Haba Mama, kina da ɗa mai ilimi a gida, me ya hana ki nuna masa?"

Mama ta ce, "Da na nuna masa, cewa zai yi ni na jawo."

Cikin makon nan aka yanke yatsun. Likitan ya zaunar da ni ya ce lallai ciwon yana bin jinin gidan, amma in lura da cewa bai kama Kawu ba sai da ya tsufa, ita kuwa ya kama ta kafin ta cika hamsin, kuma shekarun da ke tsakani, ƙiba da zama ne suka cinye su. Da na maimaita wa Kawu a kan bencin asibiti, ya jinjina kai ya ce, "Iri ɗaya Baba ya bar mana. Nawa ya faɗa kan dutse, nata ya faɗa fadama." Na yi shekara huɗu a jami'a ban iya faɗar haka ba.

Na bi matan zumunta gida gida na ba su haƙuri. Har yanzu suna zuwa, sai dai da ƙwai da gyaɗa da ganyen zogale. Ni ma irin nan yana jikina, don haka a ƙafa nake zuwa makaranta, ina kuma kai kaina awo, ko da na gaji da yin hakan. Abin da na koya shi ne, matan nan suna da rabin gaskiya, ni ma rabi nake da shi, amma nawa rabin na haɗa shi da zargi, wanda aka zarga kuwa ɓoye ciwonsa yake yi. Mama ta koma kirana da sunana na yarinta. Kowace safiya, kafin in tafi aiki, nakan durƙusa in duba mata ƙafafu, yatsu takwas, ita kuma takan miƙo su ba tare da na roƙa ba.