Ƙarar da Inna Delu Ta Ajiye

Ni marini ne ɗan marini, a Matameye aka haife ni. Lokacin da Nasara suka kafa mulki a Damagaram ina da karofina na rini, da matata Hajara, da 'yarmu da ta fara tatata.

Da ƙyalle na fara. In an kawo zane rini sai in yanke taƙi guda, in ce ruwan baba ne ya sa ya tsuke. Da na ga ba mai lura, sai na koma ɗauke zane sukutum in sayar wa fatake masu tsallaka iyaka, in ce ɓarayi sun kwashe shanya.

Haka na yi wa Inna Delu, ƙawar mahaifiyata. Zanen nata kuwa shi ne saƙar ƙarshe ta mijinta kafin ya rasu. Ta gan shi a kafaɗar wani falke ranar kasuwa, ta kai ni gaban alƙali.

Surukina da dattawan unguwa suka yi ta ba ta baki har ta sauko. Aka shirya a kan in karɓo mata zanenta, ita kuma ta janye.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, kin yafe ne ko kin ajiye?"

Ta ce, "Allah gafarta malam, na ajiye. Yafiya sai na ga halinsa."

Ya dube ni ya ce, "Ka ji. An sallame ka, amma ranar da ta so, magana ta tashi."

Na fito ina dariya a zuci. Ban karɓo zanen ba, kuma kafin kaka na sayar da na wata amarya. Inna Delu ta koma ta ta da ƙararta. Wannan karon ba dattijon da ya tashi domina. Magana ta kai kunnen kumandan na Nasara, gardi, dogaransa, suka ɗaure ni zuwa Damagaram.

Shekaru na yi a kurkuku ina dakon dutse. Ba bulala ce ta fi cina ba. Shuɗin hannuna ne da na ga yana koɗewa a hankali, da tunanin ko 'yata ta iya magana, ko me ta fara cewa.

Da aka sake ni na tarar alƙali ya raba aurena, 'yata tana kiran wani Baba. Na nufi gidan Inna Delu in durƙusa, jikarta ta ce ta rasu da bazara.

"Ta bar maka saƙo. Ta ce in ka dawo a ce maka yanzu ta yafe."

Na zauna a bakin zaure na yi kuka. Na tuba, kuma har yau ban sake taɓa kayan wani ba.

'Ya'yana, in wanda kuka cuta ya sassauta muku, kada ku ɗauka tsoro ne. Ku je ku gyara tun yana da rai. Ni a bakin jika na karɓi tawa yafiyar.