Ruwan Sanyin Baba Isufu

Ina tsakiyar karanta wani littafi da hantsi maigidana ya kira. Bai yi sallama ba, ya ce, “Rabi, Baba Isufu ya cika.” Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawun mijina ne, mai ƙaramin shagon kayan abinci a unguwar Mount Hope, nan ƙasar waje. Da aka kawo ni garin nan ban san kowa ba, shi ya ajiye mini kujera a bayan kanta. Yakan leƙa littafina ya ce, “Amarya, yau ma sarkin naki soyayya yake yi? Yaushe zai yi mulki?”

Shi ma yana da nasa sarkin. Yana saurayi ya je da'awa Pakistan, ya bi wata tsohuwar hanya da aka ce wani sarki ne ya gyara ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Na tambaye shi ko kyakkyawa ne. Ya yi dariya har da tari.

“Wa ya ga fuskarsa? Talaka inuwarsa ya gani. Ya dasa itatuwa a bakin hanya, ya haƙa rijiyoyi, ya gina masaukai. Sai an auna gona kafin a yanka haraji. Sojan da ya tattake shuka, shi ma a hukunta shi. Kuma a masaukin, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kowa da ruwansa da abincinsa. Shi ya sa suka so shi.”

Na ce to yanzu fa? Ya ce, “Kufai. Awaki na tarar a ciki.”

Duk da haka, kowace bazara Baba yakan fitar da kula cike da ruwan sanyi ƙofar shago, saboda masu kai saƙon abinci a keke, yawancinsu masu jin Sifaniyanci. Ko da azumi bai fasa ba. Wani dattijon masallaci ya yi masa magana, ya amsa, “Alhaji, ni nake azumi, ba su ba.”

Bayan jana'iza na roƙi maigidana kada a rufe shagon. Ya ce, “Rabi, wa zai zauna? Ina kan taksi, 'ya'yansa ko gaisuwa da Turanci suke amsawa. Mai ginin ya riga ya samu wani ɗan haya.” Gaskiya ya faɗa.

Ranar sadakar uku masu keken suka zo. Sun tsaya a waje riƙe da hulunan kwanonsu, sun rasa ko su shigo. Ɗaya ya nuna ƙofar ya ce, “Papa?” Ba na jin yarensu, Turancina kuma bai kai ba. Na girgiza kai kawai. Suka ɗan jima, wayoyinsu suka yi ƙara, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen wata za a sauke allon shagon.

Allah Ya jiƙan Baba Isufu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya shayar da shi daga Alkausara. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya dube mu da muka rage a garin nan. Amin.